ZARE: Wai an yi wa murhun gawayi rajista, an ce Kawuna ya daina ƙerawa

1/
Ranar Juma'ar da ta wuce na tashi daga Dutsin-Ma na je gida Kurfi, na tarar da shagon waldar Kawuna shiru. Ba ƙarar guduma, ba tartsatsi. Yaransa biyu na zaune kan benci suna latsa waya. Murhunan da ya saba jerawa bakin titi duk an kwashe an kai ɗaki. Ku biyo ni, raina a ɓace yake. 🧵

2/
Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya zaro wata takarda daga aljihu, an ninke ta huɗu. Ya ce, "Karanta mani wannan, ɗan boko. Wani ya zo da mota, ya ce murhun nan nashi ne, gwamnati ta ba shi. In na ƙara yin ko guda ɗaya, 'yan sanda za su zo."

3/
Takardu biyu ne. Wasiƙar lauya, da kwafin satifiket na rajistar dizayin daga Abuja. Sharaɗin: ko Kawu ya daina, ko ya riƙa biyan naira 500 kan kowane murhu. Ba zan kama sunan mutumin ba. Irinsa na da yawa, wataƙila ma wasu na karanta zaren nan yanzu.

4/
Murhun fa duk kun san shi, yana gidanku. Jiki zagayayye, faranti mai huji-huji da ake zuba gawayi a kai, ƙarafa uku da tukunya ke hawa, 'yar ƙofa a ƙasa ta shigar iska da kwashe toka. Shi ke nan. Wannan ne wani ya ce ya mallaka.

5/
Kawu ya fara ƙera shi tun zamanin Abacha, lokacin da kananzir ya yi wuya, tun ba a haife ni ba. Shi ma wajen ubangidansa ya koya. Bayan cire tallafin mai a 2023, rayuwa ta yi tsada, gas ya gagari mutane, mata suka koma gawayi. Da kasuwar murhu ta buɗe, sai ga masu takarda.

6/
Na ɗora maganar a sitatus. Wani ɗan ajinmu ya rubuto min: "Ai haƙƙinsa ne tunda ya yi rajista. Mu Hausawa mun saba da kwafar kayan mutane, shi ya sa ba ma ci gaba." Mutum bakwai suka goyi bayansa. To, Malam, kai da su na rubuta wa zaren nan.

7/
Ni ba lauya ba ne, amma dokar ba a ɓoye take ba, tana intanet. Dokar haƙƙin ƙirƙira da dizayin ta 1970 ce, tun mulkin Gowon, wadda yanzu take Babi na P2 a kundin dokokin tarayya na 2004. Na karanta ta, na kuma kai wa wani lauya, yayan abokina, ya duba min.

8/
Sashe na 12 ne ya faɗi mene ne dizayin. A taƙaice: haɗin layuka ko launuka, ko wata siffa ta jikin abu, da aka shirya don a riƙa buga irinta da yawa a masana'anta. Sai ya sa sharaɗi a ƙarshe: kada ta zama an yi ta ne KAWAI don abin ya yi aiki.

9/
Ku sake karanta wannan sharaɗin. In aikin abu ne ya tilasta masa siffarsa, to a idon doka wannan siffar ba ta ma shiga sahun dizayin ba. Ba ta kai matsayin da za a yi mata rajista ba, balle a ce ta zama ta wane.

10/
Mu ɗauki murhun mu tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa hujin? Don wuta ba ta ci sai da iska, toka kuma ta samu wajen zuba. Toshe hujin ka gani, gawayin zai mutu, tuwon dare ya koma na safe. Akwai wanda ya huda farantin don ya yi kyau?

11/
Me ya sa ƙarafa uku? Don abu mai ƙafa uku ba ya gurgunta ko ƙasa ba daidai take ba, mai huɗu kuwa sai ka sa masa dutse. Kakanninmu mata sun san wannan tun kafin a kawo ƙarfen walda, shi ya sa duwatsun murhu uku ne. Su ma za a aika musu wasiƙar lauya?

12/
Me ya sa zagayayye? Don gindin tukunya zagayayye ne. Me ya sa ƙofar take ƙasa? Don iska mai zafi sama take tashi, tana jawo mai sanyi ta ƙasa. Duk tambayar da ka yi wa murhun nan, amsa ɗaya yake ba ka: don in yi aiki.

13/
Haka lauje. Lanƙwasarsa ce ke tattaro ciyawa ta yanke. Haka bakin buta, haka wuyan tulu da aka matse don kada ruwa ya zube a hanya, haka zurfin turmi. Ku ɗauka wani ya je Abuja ya yi wa lanƙwasar lauje rajista. Duk maƙerin da ke Kurfi da Dutsin-Ma ya zama ɓarawo kenan a dare ɗaya.

14/
Wanda zai biya kuwa ba maƙerin kaɗai ba ne. Manomin rani na bakin dam ɗin Zobe zai biya. Mai ƙosai a tasha za ta biya. Naira 500 ɗin nan da aka nema wajen Kawu, daga aljihun wa kuke tsammani za ta fito? Daga na matar da gas ya kora ta dawo gawayi.

15/
To me ake yi wa rajistar dizayin? Abin da aka yi don ido. Sabon zanen atamfa. Sabon adon hula. Siffar kwalbar turare da ka gani daga nesa ka gane ta. Cire zanen atamfa, har yanzu tana rufe jiki. Cire hujin murhu, ka samu bokiti.

16/
Kuma adalci: murhun mutumin yana da abin da ya burge ni. Mariƙinsa an murɗa shi kamar igiya, an zagaya jikin da fenti kala biyu, an buga wani zane a gefe. Wannan don ido aka yi. In sabo ne, ya yi rajistarsa, Allah ya sa albarka.

17/
In da Kawu ya kwafi wannan mariƙin da zanen, wallahi ni zan fara ce masa bai kyauta ba. Amma bai taɓa ba. Nasa baƙi ne wuluk, mariƙinsa ƙarfe ne miƙaƙƙe. Abin da ya haɗa su shi ne huji, ƙafa uku da ƙofar toka, wato abin da ya sa murhu ya zama murhu.

18/
Akwai ƙofa ta biyu da mutumin bai wuce ba. Sashe na 13 ya ce dole dizayin ya zama sabo. In jama'a sun riga sun san shi, ko ana amfani da shi a wani wuri kafin ranar da ka shigar da takarda, ya daina zama sabo. Murhun da ake sayarwa kasuwar Dutsin-Ma shekara da shekaru fa?

19/
An taɓa yin irin wannan a ƙasar nan. Sunday Uzokwe ya yi wa wata robar kicin rajista, ya kai kamfanin Densy Industries ƙara, magana ta kai har Kotun Ƙoli a 2002. Yana riƙe da satifiket ɗinsa ya faɗi, maganar sabunta ce ta kayar da shi.

20/
Na san tambayar da ke bakinku: to in haka ne, ya aka yi Abuja ta ba shi takarda? Nan ne abin haushin yake. Sashe na 16 ya ce mai rajista ya duba ko an cika takardu, an biya kuɗi, kuma abin bai saɓa wa tarbiyya da zaman lafiyar jama'a ba. Sai ya yi rajista.

21/
Dokar da bakinta ta ce ba sai ya binciki ko abin sabo ne ba. Wato satifiket ɗin na nuna ka shigar da takarda, ka biya. Doka za ta ɗauka sabo ne har sai wani ya kawo hujja a kotu. Ba wani injiniya da ya zauna ya juya murhun ya ce lallai wannan ƙirƙira ce.

22/
Amma je ka faɗa wa Kawu haka. Mutumin da bai taɓa taka kotu ba, ya ga takarda da hatimi da tambarin gwamnati, an ambaci 'yan sanda. Kwana biyar shagonsa a rufe. Kwana biyar yaransa ba kuɗin abinci. Takardar ta gama aikinta tun kafin alƙali ya gan ta.

23/
Maganar 'yan sandan ma barazana ce. A dokar nan, wanda ya ce an kwafi dizayinsa ƙara yake shigarwa a Babbar Kotun Tarayya, ya nemi diyya ko a hana wancan ci gaba. Kuma a wannan kotun ce ake iya neman a soke rajistar. Ba a faɗa wa Kawu wannan ɓangaren ba.

24/
Ɗan ajinmu ya ce a ƙasashen da suka ci gaba ba a wasa da haƙƙin mallaka. Gaskiya ne. To mu leƙa can ɗin mu gani, don su ne ma suka fi tsaurara wannan ƙa'idar.

25/
Ingila, 1971. Kamfanin AMP ya yi wa wani ɗan ƙaramin ƙarfe rajista, wanda ke haɗa waya a cikin injin wanki. Ya kai kamfanin Utilux ƙara. Kotu mafi girma a ƙasar a lokacin ta ce rajistar ba ta inganta ba, don aiki ne kaɗai ya tsara siffar. Ba mai sayen ƙarfen don kyansa.

26/
Lego, 'yan bulullukan roba na wasan yara, kamfanin Denmak. A 1958 suka nemi kariyar ƙirƙira kan yadda bulon ke maƙale da ɗan uwansa, suka ci moriyarta. Da wa'adi ya ƙare, wasu suka fara yin irinsa, sai suka ce ai siffar bulon tambarin kasuwancinsu ce.

27/
Kotun Ƙolin Kanada ta ƙi a 2005. Kotun Tarayyar Turai ta ƙi a 2010. Dalili ɗaya: 'yan ƙulla-ƙullan da ke saman bulon aiki suke yi, ba za ka bi ta ƙofar baya ka riƙe fasaha har abada ba. Ƙofar da suka bi daban ce da ta mai murhu, amma niyyar iri ɗaya ce.

28/
Wani zai ce: "Ai Kawunka na iya yin nasa mai kusurwa huɗu, ko ya sa huji goma maimakon ashirin." An kai wannan hujjar Kotun Tarayyar Turai a shari'ar DOCERAM da CeramTec, kan wasu ƙusoshin da ake amfani da su wajen walda. Hukunci ya fito a Maris 2018.

29/
Kotun ta ce kasancewar akwai wata siffar da za ta iya aikin bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne: me ya sa mai ƙirar ya zaɓi wannan? In aiki ne kaɗai, babu kariya. Don in ba haka ba, mai kuɗi zai yi wa zagayayye rajista, ya yi wa mai kusurwa, ya toshe hanya duka.

30/
Hukuncin Turai ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, na sani. Amma ƙa'idar tana cikin dokarmu tun 1970. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ma, wadda ta shafe mu a matsayin 'yan Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sashenta na 25 ya ba ƙasashe damar cire irin wannan siffar daga kariya.

31/
Ba na cewa layin a fili yake kullum. Akwai abin da kyau da aiki suka cuɗe a jikinsa, sai alƙali ya yi gumi. Lego ɗin ma sun ci wata shari'ar dizayin a 2021, saboda dokar Turai ta yi wa kayan da ake harhaɗawa togaciya. Amma hujin murhu bai kai nan ba, jama'a.

32/
Yanzu hujjarku mafi ƙarfi: "Wanda ya sha wahala ya ƙirƙiro abu fa, a bari kowa ya kwafa?" A'a. Yana da tasa ƙofar a cikin dokar nan ɗin dai. Sunanta haƙƙin ƙirƙira, abin da lauyoyi ke kira fetent. Ita aka yi don aiki, dizayin kuma don ido.

33/
In ka gano hanyar da murhu zai ci rabin gawayin da yake ci, wadda ba a taɓa sani ba, nemi fetent. Sharaɗi: sabo ne, akwai basira a ciki da ba kowane mai sana'ar zai hango ba, kuma ana iya ƙera shi. Za a ba ka shekara 20. Akwai hukumar NOTAP da ke taimaka wa masu ƙirƙira kan takardun.

34/
Amma ciniki ne. Za ka rubuta yadda abin ke aiki dalla-dalla, yadda wani mai sana'a zai iya yi, kuma bayan shekara 20 ya zama na kowa. Al'umma ta ba ka kasuwa na wani lokaci, kai ka ba ta ilmi. Me mai satifiket ɗin murhu ya ba mu da ba mu da shi?

35/
Rajistar dizayin shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimla 15. In aka bar siffar aiki ta shiga nan, mutum zai riƙe fasaha shekara 15 bai ƙirƙiri komai ba, bai koya wa kowa komai ba. Ya girbe gonar da bai nome ba, ya kuma sa mata shinge.

36/
Sai maganar "mun saba da kwafa". Malam, kai ya ka koyi sana'ar da ka iya? Yaron shago na kallon hannun ubangidansa shekara biyar, a yaye shi, ya buɗe nasa, ya ƙara abin da ya ƙara. Kawu ya ƙara wa nasa kaurin faranti don ya ga na da yana saurin cinyewa. Maƙwabcinsa ya ɗauka. Haka sana'a ke tafiya.

37/
Kwafar da ke sata daban ce: ka buga sunan wani a kayanka, ka ɗauki zanensa, ka sa mai saye ya zaci nasa ne. Wannan ha'inci ne, addini ya hana, doka ta hana. Amma ka ga wuta na son iska ka huda ƙarfe? In wannan sata ce, to duk mai girki ɓarawo ne.

38/
Ku tuna Mohammed Bah Abba na Jigawa, mai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya tumatir da alayyafo ba lantarki. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Amfanin abin shi ne kowane mai ginin tukwane na iya yi. Da an kulle siffar, ƙauye nawa za ta kai?

39/
Abin da ya fi ba ni tsoro mu ne, matasa. Kowa na makaranta yana da "aidiya" da yake ɓoyewa kada a sace. An koya mana neman takarda kafin a koya mana riƙe guduma. Gobe mu ne za mu zauna ofisoshin nan, mu ne lauyoyin da za su rubuta irin wasiƙar da ta rufe shagon Kawu.

40/
Abin da nake nema, uku ne. Ɗaya: ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ya riƙa ƙin siffar da aiki ya tilasta tun daga teburi. Ƙin nan kariya ce ga dubban masu sana'a da ba su ma san da ofishin ba.

41/
Biyu: 'yan majalisarmu na Katsina su taɓa dokar nan. Ta haura shekara 50. A sa bincike na gaskiya kafin a ba da satifiket, a kuma sa hukunci kan wanda ya tsorata mutane da takardar da ya san ba ta da tushe. Uku: kowa ya iya duba abin da aka yi wa rajista ta waya, da hotonsa.

42/
Kafin nan, in irin takardar nan ta zo wa wani naku: kada ya sa hannu, kada ya biya ko kwabo. Ya nemi lambar rajistar da hoton ainihin abin da aka yi wa rajista. Ya tattara shaidar cewa abin ya daɗe a kasuwa, tsofaffin hotuna, rasit, dattawan sana'a. Sannan ya ga lauya.

43/
Mu haka muka yi. Lauyan ya rubuta amsa, ya nemi a nuna wane ɓangare ne na murhun ake cewa an kwafa. Muka haɗa da hoton bikin yayata na 2009, ga murhun Kawu nan a tsakar gida an ɗora masa tukunya. Har yanzu ba su amsa ba. In sun amsa zan dawo nan in faɗa muku.

44/
Jiya Kawu ya kira ni, ina jin ƙarar guduma a bayansa. Ya ce, "To ɗan nan, in ci gaba da hujin ko in bari?" Na ce, "Kawu, huda." Ya ce dama ya riga ya huda guda shida tun safe, mai ƙosan tasha na jiran nata.

45/
Ku tura wa mai walda, maƙeri, kafinta ko tela na unguwarku. In bai iya karatu ba, ku zauna ku karanta masa. Ɗan ajinmu kuma, na san kana gani, ga fili nan, kawo hujjarka mu ji. Lauyoyin da ke nan, in na yi kuskure a wani sashe ku gyara min a ƙasa. 🙏🏾